Labaran Masinja da Wasan Faɗuwa

Duk wanda ya taɓa ratsa barandar ofisoshin gwamnati a Kaduna, a shekarun nan da ake ta maganar mulkin kai, da wuya ya manta wani masinja dogo siriri mai jar dara a karkace. Sunansa Labaran. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zazzau, ya zo ci-rani da niyyar komawa kafin ruwan shuka, sai ga shi ya share shekara ashirin da ɗoriya bai koma da zama ba. Ya yi leburanci a layin dogo, ya yi gadi, daga baya Allah ya ɗora shi a kan keken gwamnati. Aka ba shi kaki, aka ba shi ɗaki ɗaya a layin gidajen ƙananan ma'aikata kusa da Unguwar Kanawa. A ɗakin nan yake zaune da matarsa Dije da 'ya'yansa mata biyu ƙanana.

Labaran bai san ko "a" a boko ba. Akawu ne ke faɗa masa inda kowace wasiƙa za ta, shi kuma ya raba su aljihu-aljihu, kuma bai taɓa kai ta wani wurin wani ba. Amma ba wannan ya sa aka san shi ba. Allah ya yi masa wata baiwa irin wadda ba ta kai tuwo gida: in ya ga tafiyar mutum sau ɗaya, to ya ɗauke ta ke nan. Da zarar manya sun tafi cin abincin rana, sai masinjoji da leburori su kewaye shi. Ya yi musu tafiyar Baturen ofis, mai ɗaga ƙafa kamar ƙasar Kaduna za ta ɓata masa takalmi. Ya yi musu babban akawu, wanda sai ya goge tabarau tsaf kafin ya ce maka ka dawo gobe. Ba ya cewa uffan, jikinsa kaɗai ke aiki, mutane kuwa har riƙe ciki suke yi don dariya.

To, a damunar 1955 sai aka zo da sabuwar doka, wai duk masinja sai ya iya karanta abin da aka rubuta a bayan ambulan. Labaran ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya takure dogayen ƙafafunsa a benci, ya yi ta bin malami da baki. Abin haushi, mutumin da ke haddace tafiyar gari guda ya kasa riƙe baƙaƙe. Yau ya gane su, gobe ya wayi gari kamar bai taɓa ganinsu ba. Ranar jarrabawa aka miƙo masa ambulan, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, gumi ya jiƙa masa dara. Aka karɓi keke, aka karɓi kaki, aka ce ɗaki kuma ya kwashe kayansa kafin ƙarshen wata.

Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ƙauye ba wurin komawa, don gonar gado tuni 'ya'yan wansa ke nomanta, kuma da wane ido zai je bayan shekarun nan ya ce a matsa masa? Ya zagaya Babbar Kasuwa neman dako, 'yan dako suka dubi furfurarsa suka ce, "Baba, buhun gyaɗa fa ba wasiƙa ba ne." Ya nemi gadi, aka ce tsofaffin soja sun cike ko'ina. Dije kuwa ƙafarta ta kumbura tun haihuwar ƙaramar yarinyar, ba ta iya doguwar tsayuwa, balle ta yi surfen wani. Duk sanda ruwa ya sauko a kan kwanon ɗakin, sai Labaran ya ɗaga kai ya dubi rufin. Kwanon ba nasa ba ne, wata kuma tafiya yake yi.

Wani akawu mai suna Malam Aminu, ɗaya daga cikin masu leƙen wasanninsa ta taga, shi ya tare shi a hanya.

"Labaran, ina ka shiga? Ina ta cigiyarka. Za a kafa 'yan wasan kwaikwayo, a riƙa ɗaukarsu a lori ana kai su kasuwannin ƙauye, su nuna wa mutane amfanin lamba, wato rigakafin cutar agana. Ba karatu a ciki, ba rubutu. Za a horar da mutane a makarantar nan ta bayan unguwarku tunda yara na hutu, sannan a zaɓi kaɗan. Wanda aka zaɓa ya zama ma'aikaci."

Labaran ko albashi bai tambaya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin fa?"

"Ma'aikaci ai ba a tashinsa daga ɗaki. Sai dai na ji an ce ba za a ɗauki mutum biyu daga gida ɗaya ba, gudun kada a ce an yi son kai."

"Wannan bai shafe ni ba," in ji Labaran. "Ni kaɗai ne."

A ce dattijo mai iyali ya je yana tsalle-tsalle cikin samari, ai abin faɗa ne a unguwa, shi ma ya sani. Amma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Washegari da safe ya wanke 'yar rigarsa guda, ya sa ta da ɗanshinta, ya nufi makaranta. An ture bencina jikin bango, tsakiyar aji ya zama fili, siminti fes. Samari sun cika wurin, wasu sun gama elementare, wasu yaran kasuwa ne. Mai horarwar wani malamin makaranta ne, Malam Maliki, gajere, mai zafin nama, da usur rataye a wuya, an ce har ƙasar waje aka kai shi ya koyo wannan aiki. Labaran ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya ɗaga kai, sai ya yi ido biyu da ɗansa.

Ɗahiru ɗan farinsa ne. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a gidajen da suka riƙe kunya, gidan su Labaran kuwa da hannu biyu suka riƙe ta. Ana yaye yaron wan Labaran ya ɗauke shi, a wurinsa ya tashi. Labaran bai taɓa ɗaukarsa ba, bai taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba. In maganarsa ta zama dole, shi da Dije "ɗan Yaya" suke cewa. Bara ne ya zo Kaduna koyon ɗinki a wurin wani Sabo tela a Babbar Kasuwa, a shagon yake kwana. Kada wani ya ce ba sa son sa. Dije kan ɗebi mafi kyawun abin da ta dafa ta aiki yarinya ta kai masa, ba saƙo ba komai. Labaran kuwa sau da yawa yakan karkata keke ya bi ta layin teloli alhali ba shi da wasiƙar kowa a can, ya saci kallon yaron daga nesa ya wuce.

Ɗahiru na ganinsa ya zube ƙasa, ya sunkuyar da kai. "Baba, ina kwana." Labaran ya amsa yana duban taga. Sauran samarin ma duk Baba suka ce masa, don haka ba wanda ya ga wani abu. Shi dai Labaran, maganar Malam Aminu ce ta dawo masa. In aka san ɗansa ne, ɗayansu zai tafi tun ba a fara ba. Ko da ma babu wannan dokar, ta ina zai buɗe baki a gaban yara ya ce wannan ɗana ne?

Aka fara aiki. Malam Maliki ba ya rubuta wa kowa abin faɗa. Sai dai ya busa usur ya ce, "Ku ɗauko ruwa daga rijiya!" Ba rijiya, ba guga, ba tulu, amma sai kowa ya ja, ya cika, ya ɗora a ka. Ya ce su yi tafiya cikin taɓo, su yi tafiyar mai kurkunu, su ja igiyar da babu ita har wani ya faɗi. Samari na yi suna ƙyalƙyala dariya, wasu na jin kunyar jikinsu. Da aka zo kan Labaran, ya ɗauki tulunsa na iska, wuyansa ya lanƙwashe da nauyi, ya taka a hankali, har ya goge ruwan da ya zubo masa a ido. Malam Maliki ya tafa ya ce, "Kun gani? Da tsohuwar zuma ake magani."

Sai dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da aka ce kowa ya kwaikwayi wani daga wurin sana'arsa, Ɗahiru ya fito ya yi wani attajiri mai tumbi yana gwada rigar da ta matse shi, yana riƙe numfashi yana rantsuwa da kai cewa ta yi masa daidai. Labaran na rakuɓe a kusurwa yana kallo ta gefen ido. Kafaɗun uban ne sak, ɗaga girarsa ce, har yadda yake ɗan tsayawa kafin abin dariya ya fito. Ba wanda ya koya masa. Daɗi ya cika Labaran har idonsa ya yi zafi, a take kuma tsoro ya biyo baya, don ya ga wanda zai iya raba shi da ɗaki.

Masifar ta fara ne ranar da aka ce a yi bibbiyu. Malam Maliki ya dube su ya ce, "Ku biyun nan tsayinku ɗaya, ƙirarku ɗaya. Ku zo nan." Wasan madubi ne. Mutum biyu su tsaya gaba da gaba, ido cikin ido, duk motsin da ɗaya ya yi ɗayan ya yi. Aka busa usur. Labaran ya dubi rufi, Ɗahiru ya dubi siminti. Gwiwoyin saurayin suka fara lanƙwashewa da kansu, don bai taɓa tsayawa a tsaye ƙiƙam gaban mutumin nan ba.

"Kai, wa ya ce ka tsuguna?" in ji Malam Maliki. "Madubi na tsugunawa? Baba, kai kuma me ka ajiye a rufi? Dube shi!"

Labaran ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya sauko da idonsa har zuwa haɓar yaron, nan ya tsaya, wuyansa ya ƙi.

Kashegari aka ba su wasa na baki, kowa ya ƙago maganarsa nan take. Ɗahiru ne mai lamba, Labaran tsoho mai taurin kai da ya ɓoye iyalinsa, mai lamba zai yi masa faɗa tas. Ɗahiru ya buɗe baki, abin da ya fito sai, "Allah ya ba ka haƙuri." Aji ya fashe da dariya. Malam Maliki ya raba su, ya haɗa kowa da wani. Nan da nan Ɗahiru ya wanke abokin wasansa da faɗa har yaron ya nemi hanyar gudu, Labaran kuma ya yi taurin kan da sai da malamin ya zauna don dariya. Aka sake haɗa su, suka sake zama turaku biyu.

Malam Maliki ba wawa ba ne, kuma shi ma ya san kunyar ɗan fari, wa bai sani ba? Amma rashin sani ya fi dare duhu. Bai taɓa kawo wa ransa cewa uba da ɗa za su shigo aji ɗaya su yi shiru ba. Abin da ya gani shi ne mutum biyu da ba sa ga maciji, ya ɗauka wata tsohuwar gaba ce. Ya kira su gefe ya tambaya. Labaran ya ce ba komai. Ɗahiru ya ce ba komai. Malamin ya ce, "To shi ke nan, ku riƙe abinku."

Babban wasan da za a kai ƙauyuka shi ne na mutumin da ya ƙi lamba, agana ta kama shi, ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kasuwa, ɗan'uwansa ya tare shi. Saboda haka kowa sai ya koyi faɗuwa. Mutum ya juya baya, ya rufe ido, ya sandare kamar taɓarya, ya tafi da baya gaba ɗaya, wanda ke bayansa ya tare shi kafin ya kai ƙasa. In ka ja ƙafa baya don ka ceci kanka, ka ɓata wasa. Samari suka yi ta faɗuwa a hannun juna suna ihu. Da aka zo kansu, Ɗahiru ya juya baya, aka busa usur, ya ɗan karkata ya ja ƙafa. Gara da ya ja, don hannuwan Labaran na nan a gefensa, ko motsi ba su yi ba.

Ranar ne Malam Maliki ya faɗi sunayen waɗanda ya zaɓa. Ya gama, babu Labaran, babu Ɗahiru. Sannan ya juyo.

"Saura wuri ɗaya. Gaskiya ku biyun nan kun fi kowa, da son raina ne da duk na ɗauka. Amma ba zan sa masu gaba a lori ɗaya ba, a je ƙauyen mutane a ba ni kunya. Gobe da safe za ku sake wasan faɗuwa. Zan sa ido in ga mai hana ruwa gudu a cikinku. Shi zan sallama, ɗayan ya samu wurin."

Labaran ya fito daga makarantar bai san inda yake jefa ƙafa ba. Wata ya kusa ƙarewa, har wanda za a ba ɗakin ya zo ya leƙa ya auna inda zai sa gadonsa, a gaban Dije. Ya yi ta juya abin. In duk suka yi daidai, wa zai bar saurayi mai jini a jika ya ɗauki mai furfura? Yaron yana da ɗinki, in ya rasa wannan bai rasa komai ba. Shi kuwa in ya rasa, sai ya fitar da mace mai ciwon ƙafa da yara biyu cikin ruwa. Wata zuciya ta ce masa, je ka sa a gaya masa ya janye. Ya ji ƙyamar kansa, amma ƙafafunsa suka kai shi Babbar Kasuwa.

Ya tarar da Sabo tela a bakin shago yana yanka yadi. Can ciki Ɗahiru ya koma kan keken ɗinki, ya ba ƙofa baya. Sabo ya san ko wane ne Labaran a wurin yaronsa, don haka ya ba shi kujera, suka gaisa kamar ba kowa a shagon sai su.

"Malam Labaran, yau ba keke? Ina kakin?"

Maganar da ya zo da ita tana bakinsa. Ka ce wa yaronka ya tsaya ga ɗinkinsa. Ita ke nan, ba tsawo. Ya haɗiye ta. Sai ya ji kansa yana cewa, "Ai an sallame ni, Malam Sabo. Tun farkon wata."

"Subhanallahi! To ɗakin fa?"

"Ƙarshen wata za mu fita."

"Zuwa ina, da iyali, cikin damunar nan?"

"Allah dai ya sani."

Ƙarar keken ɗinki ta tsaya a ciki. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta ci gaba. Labaran ya miƙe ya yi sallama da sauri. Bai roƙi kowa komai ba, haka ya yi ta faɗa wa kansa a hanya. Amma ya san ƙarya yake yi. Ya yi roƙo, roƙo kuma mafi muni, irin wanda ba ka ba mutum damar ya ce a'a ba.

Da la'asar ya naɗe taɓarya cikin tabarma, ya jingina ta a bango, yana turawa yana tarewa. Yara suka ɗauka wasa ne suna ta dariya. Dije na zaune ta miƙe ƙafa, ta daɗe tana kallonsa, don ya riga ya gaya mata komai.

"Malam, ɗan Yaya ne zai faɗo?"

"Shi ne."

"A kan siminti?"

"A kan siminti."

Ta juya fuska ta gyara ɗankwali. "To ka riƙe shi da kyau."

Ita ke nan maganar da ta taɓa yi masa a kan yaron tun da ta haife shi. Labaran ya tsaya da tabarma a ƙirji. Daga nan ya daina lissafin wa za a ɗauka. Ya ce a ransa, ko za a kore ni, ko duniya za ta taru ta kalla, gobe sai na riƙe shi.

Da safe ana yayyafi. Waɗanda aka zaɓa suka zauna a bencina jikin bango, suna jiran su ga ƙarshen gabar nan. Ɗahiru ya zo gabansu ya juya baya. Labaran ya matso, ya kafa ƙafafu, ya buɗe hannuwansa biyu sosai, har Malam Maliki ya gyaɗa kai. Bai taɓa tsayawa kusa da yaron haka ba. Ya ga ƙeyarsa, ya ga wani tsohon tabo a bayan kunnensa wanda bai san yaushe ya same shi ba, bai san wa ya rarrashe shi ranar ba. Kunyar da yake tsoro ba ta zo ba. Abin da ya zo wata irin ƙishirwa ce, so yake kawai nauyin nan ya sauko masa a ƙirji.

Aka busa usur.

Ɗahiru bai ja ƙafa ba. Ya taho a sandare, daidai yadda aka koya musu, Labaran ya miƙa hannu, har rigar ta taɓa yatsunsa. A nan ne yaron ya murɗa jikinsa gefe. Ya zame ta gefen hannun uban, damtsensa na dama ya daki bakin benci, sannan ya kai ƙasa a kan hannun. Kowa a ajin ya ji ƙarar ƙashin.

Labaran na tsaye da hannuwa a buɗe, ba komai a cikinsu. Sunan yaron ya taso masa har maƙogwaro, ya tsaya a nan. Salati kawai ya iya yi. Kafin ya sunkuya samari sun rufe wurin, su suka ɗaga shi, su suka tallafe hannun da ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Abin da ya rage wa Labaran a ƙasa hular yaron ce, ita ya ɗauka.

Ɗahiru na cije baki, gumi na keto masa, amma sai da ya nemi Malam Maliki da ido. "Malam, laifina ne. Ni na kauce. Baba ya yi nasa daidai."

"Na gani da idona," in ji Malam Maliki, rabi tausayi rabi fushi. "Wace irin ƙiyayya ce wannan, ka gwammace ka karye da ya taɓa ka?" Ya sa aka fita da shi a nemi mota. Sannan ya juyo. "Baba, wurin naka ne. Ka yi haƙuri da abin da yaron nan ya yi maka."

A nan ne ya kamata Labaran ya yi magana. Ya ce ba ƙiyayya ba ce, ya ce ɗana ne, ya wanke yaron ko da zai rasa ɗakin. Ya dubi hular da ke hannunsa, ya tuna Dije da ƙafarta, ya tuna mutumin da ya zo auna wurin gado. Ya rusuna ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

Ba a tashe su daga ɗakin ba. Hannun Ɗahiru kuwa ya haɗe a karkace, yatsun suka daina riƙe almakashi. Sabo ya yi iya haƙurinsa, amma tela ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Kafin kaka yaron ya koma ƙauye wurin wan Labaran. Abin da ya ci Labaran har ƙarshen ransa tambaya ce guda. Kunya ce ta sa yaron ya kauce, don jikinsa ya kasa yarda ya sauka a ƙirjin uba? Ko kuwa maganar shagon Sabo ce, ya kauce da gangan don ya bar masa wurin? In ta farko ce, to shi da Dije suka koya masa. In ta biyu ce, shi ya je har kasuwa ya roƙa. Ko ta ina ya juya, hannunsa na ciki. Mutum ɗaya ne ya san amsa, shi kuma ba a tambayarsa.

Ya yi shekaru a lorin nan. Ya yi suna, har in an sauka a kasuwa yara kan bi shi suna kwaikwayon tafiyarsa. A wasan agana kullum shi ne mai tarewa, ya ƙi yarda a ba kowa, kuma bai taɓa yar da mutum ba. Samari har rige-rige suke yi su faɗa hannunsa, wai hannun Baba ya fi katifa.

Wata shekara, da rani, aikin ya kai su kasuwar ƙauyensu. Labaran ya so ya ce ba shi da lafiya, ya kasa. Aka share fili gindin wata tsamiya, jama'a suka yi da'ira. Wani saurayi mai suna Yahaya shi ne mai ƙin lamba. Ya yi taurin kansa, aka yi dariya, ciwo ya kama shi, ya yi tangaɗi, ya sandare ya taho da baya. Labaran ya tare shi cak. Yana ɗaga kai ta saman kafaɗar Yahaya sai ya hango Ɗahiru a sahun gaba, ya yi baƙi, ya yi gemu, fartanya a kafaɗar hagu, hannun daman a maƙale jikin ƙirji. Ba dariya yake yi ba, ba kuma fushi. Kallo kawai yake yi, kuma a wannan karon bai sunkuyar da kai ba.

Jama'a suka yi ta tafi, tafin ya ƙare. Mai lamba ya shigo fili yana jiran a kwantar da mara lafiya ya faɗi nasa. Labaran bai motsa ba. Ya ƙanƙame ɗan mutane a ƙirjinsa, yana ƙara matse shi, hawaye na bin furfurar gemunsa, mutane na cewa kai, tsohon nan ya iya wasa. Sai da Yahaya ya buɗe ido ɗaya ya yi masa raɗa.

"Baba, sake ni mana. Ai an wuce wurin."